Rubutaccen Shirin Wannan Mako: Littattafan Almara Da Marubutansu Suka Buga Da Kansu

 Kamar yadda aka saba, ga shirin a rubuce saboda waɗanda data ba ta kai su ga sauraro ba, da kuma waɗanda dama sun fi son su bi magana da ido.

To, yau maganar littattafan almara za mu yi. In na ce almara, ina nufin labarin da aka gina a wata duniya da babu ita, inda akwai sihiri da aljanu da dodanni da takubba da sarakunan da tarihi bai san su ba. Wato dai dangin abin da mu nan muke kira littattafan yaƙi. Kuma ba duka za mu taɓa ba, waɗanda marubutansu suka buga da kansu kawai, ba tare da wani babban kamfanin ɗab'i ya tsaya musu ba.

Abin da ya jawo maganar shi ne wata tambaya da aka turo mini fiye da sau ɗaya. Ana cewa, Malam, littafin da kamfani bai karɓa ba, ai kamar kayan da aka ƙi saya ne a kasuwa, me zai sa in ɓata kuɗina da lokacina a kansa?

Gaskiya ni wannan tambaya in Bature ya yi ta ba zan yi mamaki ba. Amma Bahaushe? Haba jama'a. Ai mu kusan duk abin da muka tashi muna karantawa, in ka cire na makaranta irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Magana Jari Ce, marubutansa ne suka buga da aljihunsu. Tun daga shekarun 1980 da aka fara abin da ake kira adabin kasuwar Kano, marubuci shi ne mai rubutawa, shi ne mai kai wa maɗaba'a, shi ne mai ɗaukar kaya ya kai wa 'yan kasuwa, shi ne kuma mai bin bashi. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino haka ya fito. Littattafan yaƙin Abdul'aziz Sani Madakin Gini da samari suka riƙa karɓa haya a shaguna, ana jiran na biyu da na uku kamar ana jiran albashi, ta wannan hanyar suka fito. Kun ga ke nan abin da Turawa suka zo suna yi wa kallon sabon abu, mu a cikinsa muka girma.

Bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake a can, don a gane dalilin da ya sa suke kallonsa sabo. A Amurka da Ingila, hanyar da aka sani ita ce ka gama littafinka, ka nemi dillalin marubuta ya yarda ya wakilce ka, shi kuma ya kai wa kamfani. Mafi yawan masu nema ko amsa ba sa samu. Wanda ya dace aka karɓa, sai ya jira shekara ɗaya ko biyu kafin littafin ya shiga kasuwa, kuma a littafin waya abin da aka saba ba shi shi ne kashi 25 cikin ɗari na abin da ya shigo hannun kamfanin. Sai a ƙarshen 2007 Amazon ya fito da na'urar karatu ta Kindle, tare da tsarin da kowa zai iya ɗora littafinsa da kansa. Daga baya suka sa ƙa'idar cewa in ka sa farashi tsakanin dala 2.99 da 9.99, kashi 70 cikin ɗari naka ne. To ka ga lissafi ya canza. Mutumin da zai sayar da kwafi dubu biyar da kansa zai iya fin wanda ya sayar da dubu goma ta hannun kamfani samun kuɗi. Har ta kai a 2022 Brandon Sanderson, wanda dama babban marubuci ne mai kamfani, ya nemi masu karatu su biya shi kai tsaye ta Kickstarter don ya buga littattafai huɗu da kansa, aka tara masa sama da dala miliyan 41.

Amma fa duk ƙofar da aka buɗe ba mai gadi, da mai hankali da mahaukaci duk shiga za su yi. Wannan ita ce gaskiyar da ke cikin tambayar da aka yi mini, kuma ba zan musa ta ba. Akwai shara, da yawa ma. Akwai littafin da ko marubucinsa bai sake karanta shi ba kafin ya ɗora. Saboda haka aikin da edita da dillali suke yi a da, na tace tsaki daga gari, yanzu ya dawo kan masu karatu. Mu ne rariyar.

Ɗaya daga cikin rariyoyin da na fi amincewa da su ita ce wata gasa da marubucin nan Mark Lawrence ya fara a 2015, ana kiranta SPFBO a taƙaice. Tsarinta mai sauƙi ne. Ana karɓar littattafai 300, duk waɗanda masu su suka buga da kansu, a raba wa rukunin masu sharhi goma, kowane rukuni ya ɗauki talatin. Kowanne zai fitar da gwaninsa guda ɗaya, sai a samu goma na ƙarshe, sannan duk rukunonin su karanta goman su ba da maki. Abin yana cin kusan shekara. In kana son ka fara shiga wannan duniyar ba tare da ka yi ta tuntuɓe da shara ba, nemi jerin goman ƙarshe na kowace shekara, ka fara daga nan.

To bari mu shiga littattafan. Guda huɗu zan tsaya a kansu, sai ɗaya na kyauta a ƙarshe.

Na farko, The Rage of Dragons na Evan Winter. Wannan shi nake fara miƙa wa duk wanda ya ce mini ya tashi da littattafan yaƙi. Marubucin a Ingila aka haife shi, a Zambiya ya girma, kuma duniyar da ya gina ta baƙaƙen fata ce, da sunaye da kalmomi masu ƙamshin kudancin Afirka. Ya buga shi da kansa a 2017, ya yi kasuwa har kamfanin Orbit ya saye shi ya sake fitar da shi a 2019. Labarin wata al'umma ce, Omehi, da ta shafe kusan shekara ɗari biyu tana yaƙi. A cikinsu akwai 'yan sarauta, akwai talakawa, kuma jinin da aka haife ka da shi shi ke yanke iyakar inda za ka kai. Tau talaka ne, ba shi da wata baiwa, burinsa ma ya samu rauni a sallame shi daga soja ya je ya yi aure. Sai aka kashe mahaifinsa a gaban idonsa, waɗanda suka yi kuma sun fi ƙarfin hukunci. Abin da ya sa littafin ya zauna mini shi ne hanyar da Tau ya bi ya zama gwanin takobi. Yana shiga wata duniyar aljanu da suke kira Isihogo, aljanun su yayyaga shi, ya ji zafin mutuwa sosai, ya farfaɗo, ya sake komawa. Kullum. Kana karantawa kana jin daɗin ƙarfin da yake samu, kana kuma ganin yadda ramuwar gayya take cinye mutum tun yana raye. Gargaɗi: akwai jini sosai, kuma bayan na biyu da ya fito a 2020 masu karatu sun sha dogon jira, don haka ka shiga da haƙurinka.

Na biyu, The Sword of Kaigen na M. L. Wang, wanda ya fito a 2019 kuma ya ci waccan gasar da na ambata. Wannan kam in za ka karanta ɗaya tak a cikin jerin nan, shi nake so ka ɗauka. Littafi ɗaya ne ya ƙare, babu jiran na biyu. Wani ƙauye ne a kan dutse, a wata ƙasa mai kama da Japan, inda gidan Matsuda suka gaji sarrafa ruwa da ƙanƙara har su mayar da ita takobi. Mutum biyu ake bi. Akwai Mamoru, yaro ɗan shekara sha huɗu da aka rene shi a kan cewa daularsu ba ta taɓa yin ƙarya ba, sai wani sabon ɗalibi daga birni ya fara nuna masa cewa tarihin da ake koya musu gyararre ne. Sai kuma mahaifiyarsa, Misaki. 'Yan uwa mata, ku saurara nan. Misaki matar aure ce mai 'ya'ya, tana girki tana shara tana sunkuyar da kai gaban miji mai sanyi kamar ƙanƙarar da yake sarrafawa, alhali a ƙuruciyarta mayaƙiya ce, takobinta na ɓoye a ƙarƙashin daɓen gidan. Ban cika ganin littafin yaƙi da ya ɗauki uwa ya sa ta a tsakiyar fage haka ba. Babban yaƙin ma a tsakiyar littafin yake, sauran rabin kuwa a kan abin da ke biyo bayan yaƙi ne: binne gawa, zaman makoki, gwamnati da ke son a yi shiru, da mata da miji da suka shekara goma sha suna kwana ɗaki ɗaya ba su san juna ba. Wani abin da zai ba ku sha'awa, daular da ta fi kowace ƙarfi a duniyar littafin ta baƙaƙen fata ce, sunanta Yamma, kuma marubuciyar ta aro tsarin maroƙa da maƙera na mutanen Mande na Afirka ta Yamma ta gina ta. Inda yake da nauyi: babobin farko cike suke da baƙin kalmomi, sai ka riƙa leƙa ƙamus ɗin da ke bayan littafin. Akwai kuma ɓarin ciki da mutuwar yara da cin zarafin mata a lokacin yaƙi. Wanda yake cikin sabon rashi ya ɗan dakata tukuna.

Na uku, jerin Cradle na Will Wight. Littattafai goma sha biyu ne, na farkon, Unsouled, ya fito a 2016, na ƙarshen, Waybound, a 2023. An gama shi, ka ji babban abin farin ciki. Lindon yaro ne da aka gwada shi tun yana ƙarami aka ce ba shi da rabo a fasahar da kowa a kwarinsu yake koyo, aka hana shi koyo, aka mayar da shi abin kunyar dangi. Sai aka nuna masa cewa wata masifa na zuwa da za ta shafe garinsu nan da wasu shekaru, kuma duk gwanayen da yake gani a gida ba su kai yara ba in aka fita waje. Tsarin labarin daga littattafan Sin na intanet aka aro shi, inda jarumi ke hawa mataki-mataki: tagulla, ƙarfe, har zuwa zinariya da abin da ya fi ta. Turancinsa mai sauƙi ne, babu batsa, ga ban dariya. In kana da ƙani ɗan sakandare da kake so ya saba da karatun Turanci, wannan ne. Ni a wurina na farkon ya fi sauran sanyi, daga na uku ne wuta take kamawa, daga nan kuma sai dai a ƙwace maka wayar.

Na huɗu, Senlin Ascends na Josiah Bancroft. Tarihin littafin kansa darasi ne. Ya buga shi a 2013, ya shekara uku kusan ba mai saye. Ya shiga waccan gasar a 2016, bai ma kai goman ƙarshe ba. Amma mai sharhin da ya karanta ya yabe shi, Mark Lawrence ya ɗauka ya karanta, ya dinga tallata shi a ko'ina, har Orbit suka sake buga shi a 2018. Labarin wani shugaban makarantar ƙauye ne, Thomas Senlin, mai ji da iliminsa, ya ɗauki amaryarsa Marya zuwa Hasumiyar Babila yawon amarci. Ko shiga ba su yi ba ta ɓace masa a cikin cunkoson kasuwar da ke gindin hasumiyar. Kowane hawa na hasumiyar masarauta ce mai dokokinta da 'yan damfararta, kuma littafin jagora da ya haddace tun daga gida ƙarya ce zalla. Babu yawan sara da suka a nan. Labari ne na mutumin kirki da duniya ke koya wa wayo, kana kallo kana fargabar kada wayon ya cinye kirkin. Turancinsa ya fi na sauran tsauri, don haka kada ka fara da shi in yanzu kake shigowa.

Na kyautar kuwa shi ne Mother of Learning. Wani ɗan ƙasar Kuroshiya ne, Domagoj Kurmaić, ya riƙa sa shi babi-babi a intanet daga 2011 har ya kammala a 2020. Wani ɗalibin makarantar sihiri ne, Zorian, ya maƙale a cikin wata guda da ke ta maimaita kansa, duk ƙarshen wata a kai wa birnin hari, ya farka ya ga ya koma ranar farko. Ku lura, Turanci ba harshen marubucin ba ne, a lokacin ba shi da kamfani, amma ya zauna shekara tara ya kai labarinsa ƙarshe.

To yanzu, ta yaya za ka zaɓa da kanka in ba ni a kusa? Abu na farko, somin-taɓi. Manhajar Kindle kyauta ce a waya, kuma kusan kowane littafi za a ba ka farkonsa ka karanta ba ko kwabo. Shafi goma sun isa ka gane ko marubucin ya san abin da yake yi. In ka ga kuskuren rubutu uku a shafin farko, ajiye. Na biyu, in za ka duba sharhin masu karatu, tsallake masu taurari biyar da masu tauraro ɗaya, ka karanta na masu uku. Su ne suke faɗin abin da ya yi daɗi da abin da bai yi ba. Na uku, duba ko an gama jerin, in kuma ba a gama ba, duba tazarar da ke tsakanin littattafan. Mu da muka sha jiran littafi na uku da bai taɓa fitowa ba, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Na huɗu, wannan sabo ne: in ka ga suna ɗaya ya fitar da littafi goma a wata biyu, bango na sheƙi, labari ba gishiri, akwai yiwuwar ƙirƙirarriyar basira ce ta rubuta, ba mutum ba.

Sai kuma maganar ba da shawara, wadda ita ce ta fi damuna. Marubucin da ya buga da kansa ba shi da kuɗin talla, ba shi da mai kai shi gidan rediyo. Bakinka da nawa su ne tallarsa. Kun dai ji yadda bakin mutum biyu ya tashi littafin Bancroft daga kabari. Amma yawancinmu in za mu ba da shawara sai mu ce, kai, littafin nan ya haɗu, ka neme shi. Wannan ba ta isa ba. Faɗa mini wa zai ji daɗinsa, mai son yaƙi ne ko mai son hawaye. Faɗa mini inda yake ja da ƙasa, don kada in ajiye shi a babi na uku alhali daɗin na babi na goma. Sannan ka faɗa mini abin da ke ciki na batsa ko ashar ko jini, domin akwai littattafai masu suna a wannan fanni da ba zan miƙa wa ƙanwata ba, kuma amana ce ka faɗa tun kafin mutum ya saya. In ka yaba wa mutum littafi sau biyu ya ga ba haka ba, na uku ko gaskiya ka faɗa ba zai saurare ka ba.

Akwai wata magana mai ɗaci, amma sai na faɗe ta. Wannan ɗabi'ar ta tura littafi a guruf-guruf na WhatsApp da Telegram. Na san biyan dala da katin banki ba kowa yake samun sauƙinsa ba, na san halin da ake ciki. Amma ka sani, in ka kwafi littafin wanda ya buga da kansa, kai tsaye daga tukunyar gidansa ka ɗiba, don babu wani kamfani a tsakani da zai shanye asarar. Kuma wannan ya fi shafar namu na gida. Marubuciya ta kwana tana buga labari a waya, ta sa masa ɗan kuɗin da bai kai na katin waya ba, mutum ɗaya ya biya, kafin gari ya waye ya zaga guruf hamsin. Wani kuma ya ɗauki littafin yaƙi sukutum ya karanta a YouTube yana karɓar kuɗin talla, mai littafin ko sannu. Sannan mu dawo muna cewa an daina rubuta littattafan yaƙi masu kyau. To wa zai rubuta? In ba ka da kuɗi, akwai na kyauta na halal irin wanda na ambata, akwai somin-taɓi, akwai lokutan da marubutan da kansu suke sauke farashi. In kana da shi, biya.

Ga marubutanmu kuma, abu biyu nake roƙo. Na ɗaya, waɗannan da na lissafa, yawancinsu sun ba wasu sun karanta musu sun gyara kafin su fitar. Buga littafi da kanka ba ya nufin kai kaɗai za ka gan shi kafin kasuwa. Nemi wanda ya san ƙa'idar rubutun Hausa, ka biya shi, ya raba maka kalmomi daidai, ya nuna maka inda jarumin da ka kashe a littafi na ɗaya ya dawo a na uku ba bayani. Na biyu, Evan Winter ya waiwaya inda ya girma ya samo duniyarsa, Wang ta zo har Afirka ta Yamma ta ari maroƙa da maƙera. Mu kuma jarumanmu kullum suna Misra ko Birnin Sin. Ga Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu a Daura, ga Barbushe da Tsumburbura a Dala, ga Amina ta Zazzau da ganuwoyinta, ga 'yan tauri da mafarauta da sarakunan ruwa. Kayan gini na nan jibge a ƙofar gida.

Aikin da zan ba ku na wannan mako: kowa ya kawo mini littafin yaƙi ko na almara na Hausa guda ɗaya da ya karanta har ƙarshe, tsoho ko sabo, na takarda ko na waya. Ka rubuta sunansa da na marubucinsa, wa zai ji daɗinsa, da kuma inda ya gaza. Kada a turo mini littafin kansa, sunan kawai nake so. Waɗanda suka fi yawan fitowa zan nema in saya in karanta, mu zauna a kansu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.